MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA YAKE MASA YOYO

A wannan karon na ɗan ajiye maganar aure da zaman gida a gefe, domin in yi sharhi a kan wani bawan Allah wanda kowannenmu yake kwana a ƙarƙashin aikin hannunsa, amma da wuya ka sami wanda ya riƙe ko sunansa. Kafintan gini nake nufi, mai buga rufi da silin da katakon dekin. Shi kuwa mai yin gado da kujerun amare, ranarsa tana nan tafe in Allah Ya kai mu.

Na san wani zai ce, to ke kuma ina ruwan mace da zancen katako da ƙusa? Ai kuwa da ruwanmu. Ran da hadari ya taso da tsakar dare rufi ya fara ɗiga, wa ke tashi ta jera robobi da tukwane a tsakar ɗaki? Wa ke jan gado, ta naɗe katifa, ta kwashe yara ta mayar da su lungun da ba ya zuba? Kayan ɗakin wa ke lalacewa, waɗanda iyayenta suka yi shekaru suna tarawa? Maigida dai gari na wayewa zai sa hularsa ya fice kasuwa ko ofis, ke ce za ki wuni da warin jiƙaƙƙen kafet. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to a gidajenmu mai ɗakin nan mace ce.

Abin da ya fara jawo hankalina shi ne littattafan hikaya da suka cika kasuwa. Ɗauki wanda ka ga dama ka buɗe, za ka tarar an cinye shafi biyu ko uku wajen kwatanta gidan saurayi, ga ƙaton get, ga fitilu na alfarma, ga kujeru 'yan waje, ga labule har ƙasa. Amma da wuya ka ci karo da inda aka ambaci wanda ya hau sama cikin rana ya ɗora wa wannan gida rufi. In ma kafinta ya fito a labari, to uban yarinyar nan ne da ake so a nuna talaucinsu, ko kuwa wanda ya ci kuɗin gadon amarya ya ɓuya. Wannan kallo bai tsaya a littafi ba, haka muke yi in mun tashi gini. Abin da baƙo zai gani shi muke zuba wa kuɗi, fenti da tayil da ƙofar ƙarfe, abin da silin zai rufe kuwa sai mu ce a yi mana na araha. Alhali wannan ɓoyayyen shi ne yake rataye a kan 'ya'yanmu suna barci.

YADDA SANA'AR TA ZAUNA A KADUNA

Kafin zuwan Turawa, Bahaushe yana da masassaƙi yana kuma da magini. Masassaƙi da gizagonsa shi ke yin turmi da taɓarya da akushi da allo da ƙotar fartanya. Rufin soro kuwa aikin magini ne, da azarar giginya wadda gara ba ta cika iya mata ba, a jera ta a yaɓe da ƙasa. Wanda ya je Zariya ya ga abin da ya saura na tsohon masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu wajen shekarun 1830, ya san iya ɗora nauyi a sama ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Amma kwano da katako yankan inji da ƙusar kanti, waɗannan zamanin Turawa ne ya baza su, shi kansa sunan kafinta a bakinsu muka aro shi.

Kaduna kuwa kusan a iya cewa da kwano ta tashi. A 1917 Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan, tashar jirgin ƙasa kuma ga ta nan a tsallaken kogi ta kudu, inda layin Legas ya haɗu da na Fatakwal. Ma'aikatar jirgin ƙasa da ma'aikatar ayyuka ta gwamnati sun tara kafintoci, da yawansu daga kudancin ƙasar nan, 'yan Arewa kuma suka yi ta koyo a hannunsu. Daga baya masana'antu suka zo. Masaƙar KTL ta buɗe a Kakuri a 1957, su Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975. Dubban ma'aikata suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa, kowa yana neman ɗakin haya, aka yi ta gina gidajen nan masu ɗakuna a jere suna kallon juna. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, amma in ka zaga waɗannan unguwanni har yau za ka ga tsofaffin rufi, kwanon ya yi ja da tsatsa, ƙashin bayansu kuwa yana nan a miƙe.

Bayan rikicin 2000 da na 2002, Allah Ya kiyaye mu da maimaici, jama'a suka yi ta ƙaura, wasu suka tsallako kudu wasu suka tsallaka arewa, kowa yana neman inda hankalinsa zai kwanta. Unguwanni irin su Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi da Gonin Gora suka buɗe cikin ɗan lokaci. Mutumin da ya baro gidansa ba shiri, kuɗinsa kaɗan ne kuma sauri yake yi, ba a ga laifinsa ba. Sai dai a irin wannan yanayi duk wanda ya iya riƙe hama ya kan zama kafinta, kuma ɗabi'ar nan ta a buga a wuce wurin ta zauna mana har bayan da gaggawar ta wuce. Shi ya sa ya kamata mu san da me ake gane gwani, tunda kowa yanzu gwani yake kiran kansa.

DA ME AKE GANE GWANI

Abu na farko shi ne sanin katako. Tsohon kafinta in ya shiga 'yan katako ba ya garaje. Zai ɗaga katako ya ji nauyinsa, ya kanne ido ɗaya ya hango shi daga wannan kai zuwa wancan ko ya karkace, ya ƙwanƙwasa ya saurara, ya duba tsaga da gaɓa da 'yan ramukan ƙwaro. Ya san maɗaci da loko da kawo da tik masu ƙarfi ne. Ya san obece laushi gare shi kuma ƙwaro na sonsa, ya fi dacewa da aikin wucin gadi. Ya san malaina, irin wadda aka dasa tare da tik a gandun dajin Nimbiya a kudancin jihar nan, tana da daɗin aiki amma ba a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Babban abin da yake gudu shi ne ɗanyen katako. Itacen da aka yanka jiya da ruwa a jikinsa, in aka buga shi haka, hunturu na zuwa zai bushe ya tsuke ya murɗe, ƙusa ta saki, silin ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa. Sannan ba ya yarda da suna, sai ya sa tef. Sau nawa ake sayar wa mutum katako a ce masa tu-bai-fo ne, in an auna bai kai inci 2 da inci 4 ɗin ba? Bayan an kawo kaya kuma sai an shafe kowane katako da maganin gara, ko Solignum ko baƙin mai ga marar ƙarfi, tun yana ƙasa, ciki da baya har da inda zarto ya yanka. Wanda ya bari sai an gama bugawa sannan ya shafa wa gefen da ake gani, maigida ya yaudara, gara dai ba ta yaudaruwa.

Na biyu shi ne awo. Kafin ya ɗora ko katako ɗaya, gwani sai ya bi bayan magini ya duba ko ginin ya daidaita, domin bango da yawa a ido ne kawai suke a miƙe. Zai auna ƙafa 3 a wannan bango, ƙafa 4 a wancan, in tsakaninsu bai ba da ƙafa 5 cif ba, to kusurwar ta goce. Wannan shi ne lissafin nan na wani masanin ƙasar Girka da ɗalibai ke haddacewa don jarrabawa su manta, shi kuwa da shi yake cin abinci kullum, ko da bai taɓa jin sunan mai shi ba. Zai ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ya ja ta ɗaya ɓangaren, in tsawon bai zo ɗaya ba ya san akwai gyara. Zai cika siririn tiyo da ruwa ya gwada tsayin bango da bango, tunda ruwa ba ya son kai. In ya tarar da kuskure, a cikin katakonsa zai ɓatar da shi a hankali yadda kwano zai sauka a layi ɗaya. Kuma tun yana ƙasa zai gaya maka bandir nawa za ka saya, kowane bandir falle 20, in an gama ba za a rasa ba kuma ba za a bar tuli ba.

Na uku shi ne ɗaure rufi, kuma nan ne ake raba gwani da ɗan koyo. Mu a tunaninmu rufi faɗowa yake yi, alhali a Kaduna tashi ya fi yi. Iskar farkon damina, wajen watan Afrilu da Mayu, in ta bi ta saman kwano tsotso shi take yi sama, in kuma ta sami taga ko ƙofa a buɗe ta shiga ta tura shi ta ƙasa. Saboda haka rufin da aka ɗora kawai kamar faifai a kan ƙwarya ba zai daɗe ba. Gwani tun ana zuba kankaren saman bango yake zuwa ya tabbata an binne langa-langa ko siririn rodi a ciki, domin da su zai naɗe katakon da ke kwance a kan bango ya ɗaure shi tam, sannan ya ɗaure rafta a jikin wannan katako. Ya san duk abin da aka haɗa shi kusurwa uku ba ya gocewa, shi ya sa za ka ga cikin rufinsa cike da 'yan tokare a gicciye. Ya san inda zai haɗa katako biyu in ɗaya bai kai ba, ba a tsakiyar fili inda babu abin da ya tallafe shi ba. Galibi ba ya barin tsakanin rafta da rafta ya wuce wajen ƙafa 4, mai son cin riba kuwa sai ya buɗa su don katako ya ragu. In an zo buga kwano, a kan tudun kwanon ake kafa ƙusa mai hula, domin kwarin hanyar ruwa ce, kuma sai falle ya hau kan ɗan uwansa sosai, na sama ya rufe na ƙasa da kamar inci 6. Yawancin yoyon da ke hana mu barci daga waɗannan 'yan ƙananan abubuwa yake.

Na huɗu shi ne katakon dekin, aikin da in an gama ake ɓamɓare shi a tafi da shi, ba wanda zai sake ganinsa. Mutane suna ɗauka bene aikin magini ne da mai rodi kawai. To ku sani ɗanyen kankare ba ya iya riƙe kansa, kamar kunu yake, katakon kafinta ne ke tallafe da shi har ya kama jikinsa. Kuma nauyinsa ba wasa ba. Dekin ɗaki ɗaya mai ƙafa 12 kowane gefe, mai kaurin inci 6, ya kusa tan 5, wato kusan nauyin buhun siminti 100, ban da leburori da ke kai da kawowa a kai da kwanon kankare. Duk wannan a kan gora ko sandunan turare da kafinta ya kakkafa yake zaune. Gwani ba ya kafa tokare a kan ƙasa mai laushi sai ya shimfiɗa falanki a ƙarƙashi, ba ya barinsu tsaye ɗai-ɗai sai ya ɗaure su da juna, ba ya barin kafa a tsakanin falanki, domin ta nan ruwan siminti ke tsiyayewa a bar tsakuwa da rodi a fili kamar saƙar zuma. Ranar zubi kuma ba ya tafiya, yana ƙarƙashi yana zagawa da hamarsa, yana kallon wace sanda ce ta fara lanƙwasa. Wato a ranar ransa ne ya sa jingina a kan aikinsa. Bayan nan ga haƙuri. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da injiniya ya lissafa masa, shi ya sa ake barin tokaren dekin mako biyu zuwa uku kafin a taɓa su, in kuma za a zuba wani a sama ba a kwashe na ƙasa da wuri.

Na biyar, wanda a ganina ya fi duka, shi ne iya cewa a'a. Sai ka ji maigida ya ce, "Baba, a rage katakon nan mana, ai ba wanda zai gani." Ko ɗan kwangila ya ce, "Malam, a cire falankin nan gobe, ana jiransa a wani wurin." Ƙaramin kafinta mai tsoron kada aiki ya kuɓuce masa sai ya ce to. Tsohon hannu kuwa zai sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, in haka ne a nemi wani." Ya gwammace ya koma gida hannu rabbana da a ce wata rana rufin wane ne ya tashi. Wannan ba a sayensa a kasuwa, kuma ba a koyonsa a wata shida. Da tsohuwar zuma ake magani.

INDA LAIFIN YAKE

Yanzu bari mu zo kan suka, kuma zan fara da masu gida. Mutum zai yi shekara biyar yana tara bulo, in an zo rufi kuɗi sun ƙare damina kuma ta matso, sai ya kira kafinta uku ya ba wanda ya fi araha. Bai tambayi ina ka taɓa aiki ba, bai je ya gani ba. Wani kuma sai ya yi jinga gaba ɗaya har da sayen kaya a kan kuɗin da shi kansa ya san ba za su isa ba, to ina yake so a cike giɓin in ba a jikin katako da ƙusa ba? Araha dai ba ta ado. Kuɗin da aka yi rowarsu a rana ɗaya su ne ake biya kashi-kashi duk shekara, yau a canja falle, gobe a canja silin, jibi a sake fenti.

Sai kuma wannan yayi na dogon rufi da ya cika sababbin unguwanni, gida ɗan ƙarami amma an ɗora masa rufi kamar malafar da ta fi kai, ga tsini nan ga lungu can. A ƙasashen Turai suna tsayar da rufi haka ne don ƙanƙara ta zame, mu kuwa wace ƙanƙara muke gudu a Barnawa? Ban ce haramun ba ne, mai kuɗi ya yi abin da yake so da kuɗinsa, kuma rufi mai ɗan tsayi yana rage zafi. Amma a sani duk tsayin da aka ƙara, an ƙara wa iska wurin dafawa, dole a ƙara katako da tokare. Duk lungun da rufi biyu suka haɗu kuma, nan ruwa ke taruwa, nan yoyo ke farawa in hannu bai ƙware ba. Abin haushi shi ne a kwaikwayi tsayin a hoto, a bar ƙarfin da ke ciki. Rufi mai sauƙi mai gangara huɗu ya fi jure iska, amma yanzu wai shi ne na talaka.

Su ma gwanayen ba zan ƙyale su ba, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na ɗaya, alkawari. Har ya zama abin barkwanci a gari cewa kafinta da tela ba su san ranar Laraba ba. Mutum ya karɓi aiki uku a lokaci ɗaya, ya yaye wa mutane rufi ya tafi wani wurin, hadari ya taso a kan mata da yara. Ƙwarewa ba ta wanke wannan. Na biyu, rowar sani. Wani zai riƙe yaro shekara huɗu, daga miƙo ƙusa sai sayo abinci sai wankin babur, ran da za a yi lissafin gangaren rufi kuwa sai ya aike shi, wai kada ya iya ya ƙwace masa masu ba shi aiki. To in ka mutu da shi a ciki wa ka amfana? Na uku, wasu sun ƙi koyon karanta zanen gini, suna cewa su a ka suke aikinsu. Kai yana da kyau, amma ginin yau da takarda yake zuwa, wanda bai iya karanta ta ba zai zama yaron wanda bai kai shi sani ba. Na huɗu, wasa da rai. A hau bene da silifas, ba igiya ba hular kwano, a yanka silin asbesto ƙura na shiga hanci, alhali an tabbatar ƙurar nan tana jawo mugun ciwon huhu har ƙasashe da yawa sun hana amfani da shi. Kafinta in ya faɗo ba fansho gare shi ba, matarsa ce za ta koma sayar da ƙosai a bakin titi.

Samarinmu ma suna da nasu. Yaro ya fara koyo, wata uku ya ga abokinsa yana tuƙa Keke Napep yana kawo kuɗi kullum, sai ya ajiye zarto. Wani kuma da ya iya buga kwano sai ya sayi hama da tef ya ce ya yaye kansa. Ga shi yau a manyan gine-ginen Abuja da Legas sau da yawa mutanen Togo da Benin ake nema a ayyukan hannu, ana cewa sun fi tsayawa su koya. Wannan abin kunya ne ga gari irin Kaduna. A nan fa hedikwatar hukumar ilmin fasaha ta ƙasa take, wato NBTE, wadda aka kafa a 1977. A nan Barnawa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna take da reshenta da ake koyar da zanen gini da aikin gini. A tsallaken kogi ga Panteka, inda aka soma gwada masu sana'a ana ba su takardar shaidar ƙwarewa. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ma ta daɗe tana yin jarrabawar sana'a mai mataki uku. Me zai hana a jawo tsofaffin kafintocin Kakuri da Makera a haɗa su da ɗaliban nan, mai takarda ya koyi hannu, mai hannu ya koyi takarda? Ƙasar nan ta fitar da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, jihar nan kuma tana da KASUPDA mai ba da izinin gini. Ina ma a ce dubawar tana kaiwa har cikin rufi kafin a buga silin, tunda bayan an buga ba mai sake gani sai ɓera.

Raina wannan sana'a ma ban ga dalilinsa ba. A wajenmu Musulmi ya tabbata Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kafinta ne. Maƙwabtanmu Kirista kuma a littafinsu Yusufu mijin Maryamu kafinta ne. A wajen gini a Kaduna ta kudu za ka tarar da Bahaushe da Bagwari da Bajju da Bayarabe da Ibo a kan rafta ɗaya, wannan ya riƙe wancan ya buga, domin a can sama in ɗan uwanka ya saki kai ne a ƙasa. Amma in kafinta ya zo neman aure sai a ce a dakata tukuna ko mai aikin ofis zai fito.

SHAWARA GA 'YAN UWA MATA

'Yar uwa, in Allah Ya hore wa maigidanki zai yi gini, ko ke kanki kin yi adashi kin sayi fili, kada ki tsaya wajen zaɓen launin fenti kawai. Ki ba shi shawara cikin ladabi a nemi kafintan da zai iya nuna rufin da ya buga shekara goma da suka wuce, a je a tambayi matar gidan, ba maigidan ba, ita ce za ta faɗi gaskiya. A sayi katako da wuri a jera shi a inuwa ya sha iska, ba a fafe gora ranar tafiya. A raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, a biya mai aiki haƙƙinsa cikakke kuma a kan lokaci. Kafin a buga silin a je a ɗaga kai a duba, an shafa maganin gara? An ɗaure rufin da bango? Rafta ba su yi nisa da juna ba? In kun ji tsohon kafinta ya ce a ƙara katako, kada a ce cuta ce, a tambaye shi dalili, gwani ba ya jin haushin tambaya. In kuma ɗanki ya nuna sha'awar sana'ar, ki kai shi wajen mai gaskiya ki ce ya zauna har a yaye shi, ya haɗa da karatunsa.

Ga marubuta kuma, don Allah in an tashi gina wa jarumi gida a littafi, a ɗan ba wanda ya rufa shi ko layi biyu. Yarinyar da ke karantawa ta san akwai mutunci a hannun da ya yi kanta.

Allah Ya sa wa masu neman halal albarka a sana'arsu, Ya tsare su daga faɗuwa, Ya ba mu damina mai albarka ba mai ɓarna ba, Ya zaunar da garinmu lafiya, amin. Sai mun haɗu a sharhi na gaba.